Gyaran da Ban Manna Ba

Litinin, 6 ga wata, ƙarfe takwas da kwata na safe

Na buɗe ɗakin karatu, na zuge tagogi, ba kowa. Da ma ranar Litinin lauyoyi ba sa neman littafi sai sun sha kaye a gaban alƙali. Wannan tsohon littafin rajista ne da ba a taɓa amfani da shi ba, na ce bari in riƙa zuba maganata a ciki tunda ba ni da wanda zan gaya wa.

Ranar Alhamis da ta wuce, biyu ga wata, kotun gargajiya ta ce Waƙafi ta gidan ubanta ce. Jikata ce, shekararta shida, biyu daga ciki a bayana take kwana, tun rasuwar uwarta, 'yata. Dattawa uku daga dangin uban suka zo suka rantse cewa haka al'adarsu take tun kaka da kakanni, ɗa na gidan uba ne, ko uwa tana nan ko ba ta nan. Alƙalin ya rubuta, ya rufe fayil, ya ba ni zuwa ƙarshen zangon karatu, tsakiyar watan gobe, in haɗa mata kayanta.

Shekara ashirin da shida ina kula da littattafan babbar kotun jiha. Na ga mutane sun fito daga zauren shari'a suna dafa bango, ina leƙensu ta wannan tagar ina cewa su yi haƙuri, doka ce. Ashe wanzami ba ya son jarfa.

Talata, 7 ga wata, ƙarfe uku na yamma

An tashi daga makaranta, Waƙafi tana ƙarƙashin teburina kamar kullum, da guntayen takardu da murfin gam. Uwarta ce ta sa mata Waƙafi, don tun tana jaririya a lanƙwashe take barci. Ba ta san komai ba tukuna.

Yau ta tambaye ni wane littafi ne shugaban sauran. Na ɗaga ta na nuna mata kundin tsarin mulki a kantar sama, ta ce ai wannan siriri ne, ba zai iya da su ba. Na ce duk waɗannan masu ƙibar tsoronsa suke ji. Jajayen nan dokokin tarayya ne, na ƙasa duka. Korayen na jiharmu ne, in ka tsallaka iyaka ba su san ka ba. Masu warin ruma a lungu kuwa gado ne daga 'yan mulkin mallaka, masu su sun tafi tun ba a haife ni ba, amma har yanzu ana buɗe su. Ga littattafan addini a kabad mai gilashi, ga kuma hukunce-hukuncen manyan kotuna da suka cinye bango guda, don alƙali yana bin sawun na gaba da shi. Ta zagaya ta dawo ta ce, to ina na tsofaffin da suka zo gidanmu rannan? Na ce al'ada ba ta da kanta, a bakin tsofaffi take, sai an kira su sun faɗa. Ta ce in sun manta fa? Na ce ta koma wajen gam ɗinta.

Aikina na gaske ba jera littafi ba ne, manna gyara ne. In majalisa ta canja doka, maɗaba'ar gwamnati takan aiko da ambulan. Sai in yanke sabon sashen da almakashi, in ɗora rula in ja jan layi a kan tsohon, in shafa gam a gefe ɗaya kawai in manna, in rubuta kwanan watan da na manna a bakin shafi, in sa hannu. Waƙafi ta daɗe tana cewa rowar gam nake yi. Na gaya mata gefe ɗaya ake mannawa don a iya ɗagawa a ga abin da yake a da, jan layin kuma shi ke nuna tsohon ya daina aiki.

Alhamis, 9 ga wata, bayan azahar

Yaya ya bugo waya daga garinsu, da faɗa ya fara kafin gaisuwa. Wai me ya kai ni kotun mutanen can, ga kotun addininmu, inda kowa ya san bayan uwa sai kaka ta wajen uwa. Na ce ba ni na kai kaina ba, kai ni aka yi. Kuma kotun addini ba ta da iko a kan wanda ba ya binta, uban yarinyar kuwa ba ya binta. Ya ce ai shi ya sa tun farko ya ce kada a yi wannan auren. Na tuna masa ba a nemi shawararmu ba, a ofishin rajista suka ɗaura abinsu bisa dokar tarayya, da shaidu biyu da ban san fuskarsu ba. Bai ce mini ai ke ma ba ki je ba, ni ma ban ce ba. Muka yi ta maganar ciwon gwiwarsa har katinsa ya ƙare.

Yarinya ɗaya, kotuna uku, kowace da amsarta. Wadda ta ba ni ita ba ta da iko, wadda take da iko ta hana ni. Saura ta uku, wadda nake share wa littattafai.

Asabar, 11 ga wata, da hantsi

Waƙafi ta rubuta takarda ta manna a ƙofar ɗakinmu: "Ɗakin Kaka da Waƙafi." Ƙugiyar harafin Ɗ ta juya ta baya. Ban gyara mata ba.

Litinin, 13 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Lauya Mai Lema ya karɓi maganar. Haka kowa ke kiransa, don ko ana tsakiyar rani ba ya rabuwa da lemarsa. Tun yana ɗan koyo yake zama a kujerar kusa da fanka, ni na koya masa yadda ake bin sawun hukunci daga wannan kundi zuwa wancan. Ya ce mu ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu. A can rubutacciyar dokar yara ce ke magana, ita kuwa ba ruwanta da gidan uba ko gidan uwa, abin da ya fi wa yaron alheri take dubawa, kuma duk al'adar da ta ci karo da rubutacciyar doka, al'adar ce ke kauce wa. Yarinya ta saba da ni, makarantarta na nan, likitanta na nan. Ya ce da zarar an shigar da ƙarar za mu roƙi a dakatar da miƙa ta.

Na san duk wannan, ni na manna rabinsa da hannuna. Amma da na ji daga bakin wani sai na ji kamar an sauke mini tulu daga ka.

Laraba, 15 ga wata, da safe

Na dafa abinci na mutum uku, kamar 'yata za ta shigo ta ci. Har yanzu hannuna yakan yi mini haka.

Litinin, 20 ga wata, ƙarfe biyu

Mai Lema ya shigo da takardu a shirye, wai mu shigar yau, kwafin hukuncin kotun gargajiya ya biyo baya in mai buga musu takardu ya ga dama ya gama. Na ce ban yarda ba. Na ga fayil nawa da suka shiga a gurguje suka kwana shekara a rajista don an rasa takarda ɗaya. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, Malama. Na tashi na sauko da koren kundi na huɗu, na buɗe masa sashe na arba'in da ɗaya, na ɗora yatsa: ɗaukaka ƙara daga kotun gargajiya, cikin kwana talatin. Shafin tas, ba jan layi, ba takarda a manne. Yau kwana goma sha takwas.

Ya yi dariya ya ɗaga hannu biyu, ya ce wane shi ya yi musu da kundina, duk garin nan ba mai kundi mai gyara sai ni, nasa na ofis tun na marigayi maigidansa ne. Ya mayar da takardun cikin jaka. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 22 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi

Mun fito za mu tafi gida na hango uban yarinyar a tsallaken titi, kusa da mai gyaran takalma. Ya rame. Mai walda ne, har yanzu da tabon wuta a hannun rigarsa. Bai tsallako ba, bai ɗaga hannu ba, kallonta kawai yake yi. Na juya da ita ta ƙofar baya, na ce mata mun manta makulli.

Tunda ba mai karanta wannan, bari in rubuta. Bayan makon da uwarta ta rasu shi da kansa ya kawo mini ita, ya ce aiki zai kai shi jihar gaba, in riƙe ta har ya zauna da gindinsa. Da ya dawo ya zo sau uku. Sau uku na tsaya a bakin ƙofa na ce tana barci. Na ukun ma muryarta tana tashi daga tsakar gida, tana yi wa kyanwa waƙa. Ya ce to, Mama, a gaishe ta in ta tashi. Daga nan baffanninsa suka karɓi maganar daga hannunsa.

Ban san me nake rama wa ba. Na sani, amma ba yau ba.

Litinin, 27 ga wata, ƙarfe goma sha biyu

Kwafin hukunci ya fito, an shigar da ƙara, an buga hatimi. Kwana ashirin da biyar, da sauran biyar a hannu. An sa ranar Laraba, sha uku ga watan gobe, kwana biyu kafin a rufe makaranta. Sabon mai shari'a ne, bai yi wata uku da zuwa ba, an ce ba ya wasa da maganar yara.

Juma'a, 1 ga sabon wata, da yamma

Na saya mata sabon takalmin makaranta na zango mai zuwa, na ƙara lamba ɗaya.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe goma da minti ashirin

Mai Lema ya ce in nemo katin rigakafin yarinyar da duk wata takarda da ke nuna tun yaushe take hannuna. Na san inda katin yake. A durowar ƙasa ta teburina yake, wadda ban buɗe ba shekara biyu, don a nan na zuba duk abin da na dawo da shi daga asibiti a makon da 'yata ta rasu. Na jira har ɗakin ya zama ba kowa.

Ga katin. Ga tabaran 'yata, hannu ɗaya a ɗaure da zare. Ga 'yar takardar da ake nuna wa mai gadi a lokacin ziyara. A ƙarƙashinsu akwai ambulan na maɗaba'ar gwamnati, ba a buɗe ba, hatimin gidan waya na ranar Talatar makon. Na tuna yanzu. Na shigo ofis da gudu in ɗauki wani abu, na gan shi a kan tebur, na cusa shi a jaka na ce gobe.

Shafi biyu ne. Gyara ga dokar kotunan gargajiya ta jiha. A sashe na arba'in da ɗaya, a cire "kwana talatin", a sa "kwana ashirin da ɗaya".

Talata dai, ƙarfe ɗaya

Biyu ga wata zuwa ashirin da bakwai. Na ƙirga da yatsu, na ƙirga a kalanda, na ƙirga daga baya zuwa gaba. Ashirin da biyar.

Laraba, 6 ga wata, da safe

Ranar da Mai Lema ya zo da takardu a shirye, kwana goma sha takwas ne. Ni na mayar da shi.

Ambulan ɗin yana jakata. Da shi na je gida, da shi na dawo.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe uku

Ba wanda ya sani. Abin da nake ta juyawa ke nan tun shekaranjiya. Ba kasafai ake ɗaukaka ƙara daga kotun gargajiya ba, mutanen can in an yanke musu sukan haɗiye. Rajista ta karɓa ba ta ce uffan ba. Mai shari'a baƙo ne, daga ɗakin nan ake kai masa kundi. Ba ƙarya zan yi ba, ba takarda zan yaga ba. Abin da aka bari shekara biyu, in an ƙara masa mako ɗaya wa ya mutu?

Ina cikin wannan sai ga lauyar uban yarinyar, wata 'yar siririya da ba ta daɗe da fara aiki ba. Ta gaishe ni har ƙasa, ta rasa inda za ta sa idonta, ta ce ta san ba daɗi amma koren kundi na huɗu take nema. Na miƙa mata. Ina kallonta ta buɗe sashen, ta ƙirga kwanaki a gefen takardarta, ta gyaɗa kai, ta rufe. Da za ta fita ta ce malaminsu ya gaya musu in sun zo garin nan kada su wahalar da kansu, abin da kundina ya faɗa shi ne doka. Na ce Allah ya yi albarka. Jakata tana kan cinyata, na danne ta da hannu biyu kamar mai kaza a cikin mota.

Asabar, 9 ga wata, bayan la'asar

Na yi wa Waƙafi kitso, ta yi barci a kan ƙafata kafin in gama, a lanƙwashe. Na daɗe ban motsa ba har ƙafar ta mutu.

Mutum nawa ne suka karanta wannan shafin a shekara biyu? Wataƙila ba ko ɗaya. Wataƙila akwai wata tsohuwa a wani ƙauye da aka ce mata tana da sauran kwana tara. Ban san ta ba, kuma gaskiya ba ita ce ke hana ni cin abinci ba. Na so a ce ita ce.

Ba wanda zan tambaya. Yaya zai ce in ƙone takardar. Wadda za ta gaya mini gaskiya ba tare da ta ji tsorona ba, tabaranta na cikin durowa. Ita kaɗai ce ke ce mini, Mama, ke fa in abu ya zo kanki sai doka ta zama roba.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe biyu da rabi

Baba Masinja ya leƙo, wanda ke kai wa alƙalai littattafai tun kafin in zo. Ya ce mai shari'a yana son koren kundi na huɗu da dokar yara gobe kafin sha biyu, zai yi nazari. Ya tsaya yana kallona, ya ce Uwar Littattafai, ko ba ki da lafiya ne? Na ce fanka ce ta yi mini yawa.

Na tambayi Mai Lema a fakaice, wai in mutum ya makara da kwana huɗu fa. Ya ce sai a kori ƙarar, ya koma ya nemi a ƙara masa lokaci, a sa rana, a ɗage, a sake sa rana, shekara ta zagayo. Hukuncin farko kuwa yana nan yana aiki. In maganar yaro ce, kafin a zo kanta yaron ya saba da inda yake, kuma dokar da muke taƙama da ita ce za ta ce a bar shi a can. Ya ce wa ya makara? Na ce wata ce.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe tara da rabi

Na manna.

Ban yi wata doguwar shawara ba. Na sauko da kundin in share masa ƙura kafin Baba Masinja ya zo, na buɗe shafin, na ga ba zan iya miƙa shi haka ba. Shekara ashirin da shida ban taɓa ba wa mutum littafin da na san ƙarya yake yi ba. Kuma na yi tunanin ranar da Waƙafi za ta girma ta ɗaga wata takarda ta ga abin da ke ƙarƙashi.

Almakashi, rula, jan biro. Layin ya fito a miƙe, abin ya ba ni haushi, na so a ce hannuna ya yi rawa. Gam a gefe ɗaya. Sai kwanan wata. Biro ya tsaya a sama, don da na rubuta na shekara biyu da suka wuce ba mai ganewa, kuma da ba a san ni ce ba. Na rubuta na yau, na sa hannu.

Na kira Mai Lema na nuna masa. Ya karanta sau biyu, ya zauna a kujerar kusa da fanka, ya ajiye lemarsa a ƙasa, abin da ban taɓa gani ba.

"Malama, da kin bari zuwa jibi."

"Na sani."

"Ba wanda zai gane fa."

"Na sani. Ka yafe mini, kai ka zo a kan lokaci."

Baba Masinja ya zo sha ɗaya da rabi, gam bai gama bushewa ba. Na ce ya riƙe shi a kwance.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe ɗaya

Ba a yi minti ashirin ba. Mai Lema ne ya tashi da kansa ya faɗa cewa mun makara, kafin a tambaye shi. Mai shari'a ya buɗe kundin, ya ɗaga takardar da ɗan yatsa ya karanta na ƙasa, ya sake ta, ya dubi bakin shafin ya daɗe, sannan ya tambaya ko mai kula da ɗakin karatu tana nan. Aka ce ita ce mai ƙara. Ya cire tabarau ya dube ni, ni kuma na dubi agogon bango.

Ya ce hannunsa a ɗaure yake. Ba a kai ga maganar wa ya fi dacewa da yarinya ba, ba a buɗe dokar yara ba ma, tana gefe da alamar da na sa masa a ciki. An kori ƙara saboda makara, muna iya neman ƙarin lokaci, hukuncin kotun gargajiya yana nan. 'Yar siririyar lauyar ta ci shari'arta ta farko ba tare da ta buɗe baki ba, ta fita kanta a ƙasa. Baffannin suna ta gaisawa a baranda. Uban yarinyar bai shiga cikinsu ba.

An ce in rubuta wa babban magatakarda bayanin dalilin jinkirin shekara biyu. Na rubuta layi ɗaya: na sa a durowa na manta.

Alhamis, 14 ga wata, da yamma

Na gaya wa Waƙafi. Ta tambaya ko littafin siririn nan ne ya ce. Na ce a'a, wani kore ne. Ta tambaya ko zan bi ta, na ce aiki. Ba ta yi kuka ba, ta ce in ara mata gam da almakashi, ta shige ɗaki. Ni na yi kukan, a bayan gida, na sake famfo.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Uban yarinyar shi kaɗai ya zo, ba baffanni. Na buɗe ƙofa tun kafin ya ƙwanƙwasa. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ce ya shigo, karon farko ke nan da ya taka tsakar gidan nan tun makon rasuwar. Na nuna masa maganin tarinta, na gaya masa ba ta son a kashe fitila gaba ɗaya, na ba shi katin rigakafi da sabon takalmin. Na ba shi tabaran ma, na ce ya ajiye mata. Ya juya su a hannunsa ya taɓa zaren, ya ce shi ya ɗaura.

Jihar gaba za su koma, awa biyar a mota, wajen yayarsa da 'ya'yanta. Ko dokokinsu ba ni da su a kantata.

A bakin ƙofa ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce lauyarsa ta gaya masa abin da na yi. Na ce aikina ne, ba don shi na yi ba. Ya ce ya sani.

"Mama, in an yi dogon hutu zan kawo ta. Baffannina za su yi magana, amma zan kawo ta." Ya dubi ƙasa. "Sai dai kada mu zo a ce mana kina barci."

Waƙafi ta riƙe masa ɗan yatsa ɗaya, ba hannun duka ba. A kan kwana ta waiwayo sau ɗaya.

Lahadi, 17 ga wata, da hantsi

Na dafa na mutum ɗaya, ya yi yawa.

Jiya a falo na kwanta, ban iya shiga ɗakin ba. Yau na je ɗauko zani sai na ga takardar ƙofa ta canja. Ta yanko wata ta manna a kan ta da, da rubutunta mai hawa da sauka: "Ɗakin Kaka." A gefe ta sa kwanan wata, sha shida, da wani ƙaramin waƙafi a matsayin sa hannu. Gefe ɗaya ta shafa wa gam, ɗaya gefen yana motsi in iska ta shigo.

Na sa yatsa na ɗaga. "Ɗakin Kaka da Waƙafi" yana nan a ƙasa, da ƙugiyarsa a juye. Jan biro da rula suna kan gado inda ta bar su, ta san aikinsu sarai, ta gan ni sau ɗari. Ba ta ja layin ba.

Na ɗauke jan biron na sa a jaka, gobe zan kai shi durowar ƙasa ta teburina.